Karfasar Deptford da 'Yar Robar Koto

Ku uku, Hadiza da Usman da Nana, kun tashi kuna jin ana cewa babanku gwanin kamun kifi ne, har kwanan baya na ji Usman yana ba 'ya'yansa labarin karfasar da nake kamowa shekarar da na bar aiki. To, bari in gyara wannan zance tun hannuna na iya riƙe biro. Gwani dai na zama, wannan ba zan yi musu ba, mai tantama ya biyo ni tafki ranar Asabar. Amma karfasar da kuka ci a wancan lokaci, babu ko ɗaya da ta taɓa ganin ƙugiyata.

Kun san kakanku Basarke ne, masunci a Yawuri, kuma a cikin jirginsa na yi wayo. Makaranta ta raba ni da ruwa, aikin rediyo ya kawo ni London, na shafe shekaru ina hawa bas zuwa Aldwych ina surutu a gaban makirfo. Duk tsawon lokacin nan ban riƙe fatsa ba ko sau ɗaya, amma ban daina cika baki ba. In aka kawo kifi a wajen suna ko walima, sai na juya shi na faɗi sunansa da irin ruwan da yake kwana, mutane suna cewa ai Alhaji Garba ɗan ruwa ne. Da na yi ritaya sai na rasa inda zan sa kaina. Na zauna a falon flat ɗinmu na Woolwich ina gyara wa masu karanta labarai na talabijin kuskure, su ba sa jina, mahaifiyarku ce ke sha. Maƙwabcinmu Terry, tsohon direban bas, duk Asabar yakan loda wasu dogayen jakunkuna a motarsa ya fita. Ranar da na gane kayan kamun kifi ne, na tare shi a matakala na ba shi tarihin gidanmu tun daga kakan kakana. Ya ce in ina so in biyo shi, zai tsaya mini a ƙungiyarsu. Ina gaya wa mahaifiyarku, ko bari in rufe baki ba ta yi ba.

"Alhaji, don Allah bi shi. Ka fita ka sha iska, ni ma in sha."

Murnar da na yi a makon nan, ko yaron da aka ɗinka wa kayan sallah albarka. Na yanki lasisi, na sayi sanda da zare, na ɗauki bokiti mai murfi da wuƙa da ƙullin gishiri. Da zan fita na ce wa mahaifiyarku ta niƙa attarugu da citta, yau farfesu za a sha a gidan nan. Muka isa wani tafki can wajen gari, itatuwa sun kewaye shi, ruwan lumui, ga manyan kifaye suna juyi a sama ana ganin bayansu. Wallahi daɗi ya kama ni. Terry ya dubi bokitina ya tambaye ni na mene ne. Na ce na kifi mana. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga da gaske nake, sai ya nutsu ya yi mini bayani. A wannan tafki, da duk irinsa, ba a tafiya da kifi gida. Ana kama shi, a auna, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa da ransa. Wanda ya ɗauki ko guda ɗaya za a kore shi, kuma a tuhumi wanda ya kawo shi.

"Tsaya, Terry," na ce. "Wato mutum ya tashi da sassafe, ya zauna cikin sanyi, ya kama kifi, ya ɗauki hotonsa, sannan ya ce masa sai an jima?"

"Exactly," in ji shi. "Ni na sa hannu a takardarka, Garba. Kada ka ba ni kunya."

Na yi masa alkawari, amma a raina ina cewa Allah ya shirya mutanen nan. Ashe ma damuwar da nake yi ta riga lokacinta, don ranar ko ƙaya ban kama ba. Matsalar daga koto ta fara. Kifin da ke cikin tafkin, wanda suke kira kaf, an saba masa da wata ƙwaya mai tauri da ake yi da garin kifi, sunanta felet, girmanta bai wuce wake ba. Ƙugiya ba ta huda ta, in ka matsa sai ta farfashe. Don haka suke amfani da wata 'yar roba zagayayya, ƙarama ƙwarai, ɗaure da guntun zare a gindin ƙugiya. A buɗa robar, a sa ƙwayar a ciki, ta matse ta. Koto yana rataye a gefe, ƙugiya kuwa tsirara, bakinta a waje. Ni da na ga haka sai na girgiza kai. Abin da Baba ya fara koya mini a duniya shi ne a ɓoye bakin ƙugiya cikin koto, domin kifi yana da ido kuma ba wawa ba ne. Yanzu direban bas zai koya wa ɗan Sarkawa kamun kifi? Na ce ya riƙe robarsa. Ya miƙo mini wani koton, nama ne na gwangwani an yayyanka, na karanta jikin gwangwanin na ga na alade ne, na ce wannan ko da sanda ba zan taɓa ba. Na fito da ƙullun gero da na kwaɓo daga gida na lulluɓe ƙugiyata da shi yadda aka koya mini. Kafin ya kai ƙasa ƙananan kifaye sun wawashe shi.

Da yamma ta yi, ga bokiti wayam, ga attarugu an niƙa a gida. Na ce wa Terry ya sauke ni a tasha, ina da wani uzuri. Kasuwar Woolwich ba ta shiguwa, kowane mai kifi a can ya san mahaifiyarku. Sai na hau jirgin ƙasa zuwa kasuwar Deptford, na sayi karfasa biyu manya, na zuba musu ruwan ɗumi a bokiti ƙanƙararsu ta narke, har da ɗan ciyawar bakin tafki na watsa a kai. Mahaifiyarku 'yar cikin birnin Kano ce, kifi a tukunya ta san shi, ba ta san karfasa ba ta rayuwa a ruwan sanyin ƙasar nan ba. Ta buɗe bokiti ta rangaɗa guɗa. Nana ta rungume ni tana cewa, "Well done, Daddy!" Na zauna na sha farfesu ina ba ku labarin yadda ta biyun ta kusa karya mini sanda. Na ce a raina sau ɗaya ne, mako mai zuwa zan faɗi gaskiya. Mako mai zuwa ya zo, na sake samun kaina a Deptford, har mai kifin ya fara ware mini nawa tun kafin in iso.

Haka muka tafi tun ƙarshen sanyi har tsakiyar lokacin zafi. Terry yana gefena yana ta jan kaf, ni ina ta canza ƙullu: na gero, na masara, har da wanda na sa wa daddawa. Sai 'yan mitsi-mitsi kamar ɗan yatsa nake samu. A hankali na gane robar nan ita ce maganar, amma girman kai ya hana ni roƙo bayan abin da na faɗa. Sai dabara ta zo mini. Mahaifiyarku tana da gwangwani cike da baƙar robar kitso da take ɗaure wa Nana gashi. Na ce ai roba roba ce. Na ɗebo, na sayi felet a ɓoye, na koma can nesa da Terry na zauna. Robar kitso ta yi wa ƙwayar yawa, sai in ninka ta biyu, wani lokaci uku. In na ninka biyu, da na wurga sai ƙwayar ta yi nata waje, in zauna awa guda ina gadin ƙugiyar da ba komai a jikinta. In na ninka uku, sai ta zama wani baƙin dunƙule da ya fi koton girma, ko ta tsinke ta harbe ni a yatsa. Ina dai ta ɗiba, gwangwani yana ta raguwa.

Wata Laraba mahaifiyarku za ta wanke rigar da nake zuwa tafki da ita, ta zazzage aljihu, roba ta zubo a ƙasa. Ta same ni a falo da su a tafin hannunta.

"Alhaji, kitso ka fara yi a ɓoye? Na yi ta yi wa Nana faɗa ashe kai ne."

Maimakon in yi shiru, sai bakin nan nawa na rediyo ya buɗe. Na yi mata lacca a kan robar koto da yadda nake kama manyan kifaye da ita, har da nuni da hannu. Ta saurara, idonta yana ƙyalli.

"Ikon Allah! To, Asabar ɗin nan da ni za a je. In ga abin nan da idona. Kuma zan tafi da cooler da ƙanƙara, don kifinka kullum kamar wanda ya kwana yake isowa."

Na ce akwai sauro, ta ce daga Kano ta zo. Na ce sai an yi booking, ta ce in yi. Na ce babu wajen salla, ta ce za ta ɗauki darduma. Na shiga uku sosai: in ban kama ba asirina ya tonu, in na kama kuma ba zan iya ba ta ta sa a cooler ba. Amma cikin biyun akwai wanda ya fi ci mini rai. In dai za a kunyata ni, to kada a ce ɗan Sarkawa ya yini a bakin ruwa gaban matarsa bai kama komai ba. Na sauka na ƙwanƙwasa ƙofar Terry, na ce masa na sauko, ya koya mini robar nan. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ranar Juma'a bayan masallaci ya kai ni kantin kayan kamun kifi, ya tsaya da ni gaban wani bango cike da 'yan ledoji. Ashe robar ma iri-iri ce. Akwai ƙanana, da matsakaita, da manya, kowace da girman ƙwayar da take ɗauka. Ya ce a zaɓi wadda ta ɗan fi ƙwayar ƙanƙanta, ta kama ta tsam. In ta yi sako-sako koto zai fice wajen wurgawa, in ta matse da yawa za ta raba ƙwayar biyu da zarar ta jiƙa. A ɗauki mai launin ƙasa ko mai haske kamar ruwa, wadda ba za ta fito fili a jikin koto ba. A ja ta a gani kafin a yi aiki da ita, domin wadda ta daɗe ko ta sha rana takan mutu ta tsinke. Ya sa na ɗauki ƙanana da matsakaita, da wani ɗan ƙarfe mai yatsu da ke buɗa robar. Sannan ya gaya mini dalilin barin ƙugiya tsirara: kaf ba ya cizo, zuƙa yake yi. In ya zuƙi ƙwayar, ƙugiya ta biyo ta, da ya yi ƙoƙarin tofarwa sai bakinta ya kama leɓensa. Na tsaya ina jinjina abin. Baba bai yi kuskure ba, kifinsa ne daban.

Ranar Asabar gari ya yi kyau, rana ta fito tarwai. Mahaifiyarku ta shimfiɗa darduma a bayana, ga cooler a gefenta, ga fulas ɗin shayi. Terry ya ga cooler, ya ɗauka abinci ne a ciki. Ya nuna mini yadda zan riƙa harba ƙwaya kaɗan-kaɗan da danƙo don kifi su taso, sannan in wurga tawa a tsakiyarsu. Ku yi tunanin babanku da furfurarsa yana harbin ruwa da danƙo, mahaifiyarku tana dariya har da hawaye. Sai na zo sa koto. Ɗan ƙarfen ya suɓuce ya faɗa ciyawa, roba ta yi tsalle, na sake ɗaukar wata ita ma ta bi ta.

"Kawo nan," in ji ta. "Wannan ai aikin masu kitso ne."

Ta karɓi ƙwayar ta juya ta, ta dubi matsakaiciyar robar da na ɗaura, ta ce wannan ta yi mata yawa, in ɗaura ƙaramar. Na ɗaura. Ta buɗa ta da farce biyu, ta zura ƙwayar, ta zauna daram a tsakiya. Ko Terry sai da ya leƙo ya ce bai taɓa ganin an sa da sauri haka ba. Na yi bisimilla na wurga. Akwai ɗan tsinke mai jan kai da ke tsayawa a kan ruwa, shi ke nutsewa in kifi ya ɗauka. Wurgi na farko shiru. Na jawo, ƙwayar tana nan ba ta faɗi ba, abin da ban taɓa gani ba. Na biyu shiru. A na uku, ko zama tsinken bai gama yi ba ya ɓace.

Jama'a! Sanda ta lanƙwashe har ina jin ƙararta, zare ya fara gudu yana kuka. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Abin da ke can ƙasa ya ja ni dama, ya ja ni hagu, ya nufi cikin ciyayi. Terry yana ihu in ɗaga sanda sama, mahaifiyarku ta yar da mayafi tana cewa, "Riƙe shi, Alhaji! Kada ka sake shi! Ya Allah, ya Allah!" Ni kuwa sai na ji bakina yana yi wa kifin magana da irin kalmomin da Baba yake yi wa giwan ruwa, kalmomin da na ɗauka na manta su tun ina yaro. Hannuna ya tuna abin da zai yi: in ya ja in ba shi, in ya huta in karɓa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da ya gaji ya taso, Terry ya tura koma a ƙarƙashinsa ya ɗago. Ga shi nan, jibgege, ruwan zinariya, tsawonsa daga yatsuna har kafaɗata, ƙugiyar tana gefen leɓensa, 'yar robar na rataye. Na durƙusa a kansa ina dariya, hawaye na zuba, ban damu da wanda ke kallo ba.

Sai na ji ƙarar murfin cooler.

Mahaifiyarku ta jawo ta har gabana, ta gyara ƙanƙara, tana lissafin wanda za a aika wa kai da wanda za a ba tsakiya. Terry ya dube ta, ya dube ni. Kifin yana numfashi a kan shimfiɗa, kuma ba a barin su a waje da daɗewa. Ba zan ɓoye muku ba, na so in ɗauke shi. Jinin Sarkawa duk ya taso mini, ga shi babban kifina na farko a shekara kusan hamsin. Amma mutumin nan ya sa hannunsa a kaina.

"Hajiya, rufe cooler. A nan ba a tafiya da kifi. Mayar da shi ake yi."

"Mayar da shi ina?"

"Ruwa."

Ta zuba mini ido. Na ga lissafin yana shiga a fuskarta.

"To, wanda muke ci duk Asabar fa?"

"Deptford," na ce. "Wannan ne kifin kirki na farko da na kama."

Na ɗauke shi da hannu biyu, na sa shi a ruwa, na riƙe shi har ya dawo hayyacinsa. Ya kaɗa jela sau ɗaya ya fantsama mini ruwa a fuska, ya tafi. Na juyo ina jiran faɗa, na san na cancanta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ni kifin bai dame ni ba, Alhaji, mun ci mun ƙoshi. Amma duk Lahadi sai na kira Yaya Dije na ce mata ƙaninta ya koma ruwa. Ranar farko kuka ta yi, ta ce yanzu Baba zai kwanta da daɗi. Ka sa na yi wa tsohuwa ƙarya wata biyar. Ga waya, kai za ka gaya mata, ba ni ba."

Yaya Dije ita ce babbar yayata a Yawuri, ita ta goye ni, ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu, kuma a lokacin idonta ya riga ya tafi. Na yi hira da manyan mutane a rediyo ban ji ɗar ba, amma ranar sai da na share gumi kafin in danna lambar. A nan bakin tafkin na kira, wandona jiƙe da laka. Muka gaisa, na tambayi jiki, na tambayi yara, na tambayi ruwan bana, har ta ce, "Auta, faɗi abin da ya sa ka kira." Na faɗa mata duka, tun daga bokiti har robar kitso. Da na gama sai ta tambaye ni.

"Na yau ɗin, da hannunka ka kama?"

"Da hannuna, Yaya."

"Yaya girmansa?"

"Daga yatsa har kafaɗa."

Sai guɗa ta fashe a wayar, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, har Terry ya jiyo daga inda yake. Ta kira sunan Baba, ta kira na kakanmu, ta yi mini kirarin gidanmu tun daga farko. Mahaifiyarku ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi. Da Yaya ta numfasa sai ta ce a soya shi da man gyaɗa, kada Hajiya ta ɓata shi da ruwa. Na ce mata ai na sake shi, haka dokar wurin take.

"Ka yi me?"

"Na mayar da shi ruwa, Yaya."

"Auta," in ji ta, "ƙaryar na yafe maka duniya da lahira. Sakin nan ne ban yafe ba."

Shekara huɗu ta ƙara a duniya bayan wannan rana, Allah ya jiƙanta. Na kama kaf da yawa a cikinsu, kowanne na kira ta na faɗa mata girmansa, kowanne ta yi guɗa. Kuma ba mu taɓa ajiye waya ba sai ta tambaye ni ko na koma na ɗauko wancan.